Tebur goma sha biyu, ƙwaƙwalwa ɗaya

A watan Janairun 2012, wajen babban taron foka, wato wani wasan kati na caca, da kamfanin PokerStars ya shirya a Bahamas, wani matashi ɗan Amurka mai suna Randy Lew, wanda 'yan harkar suka fi sani da nanonoko, ya zauna gaban kwamfuta ya yi awa 8 cur yana latse-latse don ya shiga kundin Guinness. Sharaɗin shi ne ya buga hannu, wato zagayen rabon kati, mai yawan da ba a taɓa bugawa ba, kuma ya tashi da riba ko ta sisi ce. Ya buga hannu 23,493. Ku raba da kanku, kusan hannu 49 kenan a duk minti ɗaya, wato kafin ka ƙifta ido an sake raba masa kati a wani teburin. Toh nawa ya tashi da shi bayan duk wannan wahalar? Dala 7 da santi 65. Wallahi ba kuskuren rubutu ba ne, dala bakwai da ɗoriya. Eh na sani suna ya je nema ranar ba kuɗi ba, amma fa wannan mutumin yana cikin waɗanda duniya ta sallama wa a wajen buga tebura da yawa lokaci guda, shi ne gwanin gwanaye, kuma da ya kai abin maƙura sai ga shi da ƙyar ya tsira da uwar kuɗinsa.

Kafin wani ya rigani, na san hukuncin caca, ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta layi ɗaya da giya, kuma duk mun ga yadda Hisba a Kano ta bi shagunan bet tana garƙamewa a 2024. Ba fatawa na zo bayarwa ba, akwai masu ita. Abin da ya sa nake wannan dogon surutun shi ne shago ana iya sa masa kwaɗo amma wayar da ke aljihun yaro babu mai rufe ta, kuma na fara jin samari, musamman waɗanda suka yi karatu a waje, suna cewa ai foka ba irin sauran caca ba ce, wasan basira ne, in ka iya sai dai kawai ka ƙara tebura ka ƙara samu. Rabin maganar gaskiya ne, kuma wannan rabin gaskiyar shi ya sa tarkon ya fi kamawa.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in taƙaita. Nau'in da aka fi bugawa shi ne Texas Hold'em. Ana ba kowa kati 2 a rufe, sai a buɗe guda 5 a tsakiya, uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kuma a kowane mataki sai an tambaye ka: ka zubar da katinka, ko ka bi kuɗin da wani ya sa, ko ka ƙara a kai, ko ka tura duk abin da ke gabanka. Daga rabon kati zuwa kwashe kuɗi shi ake kira hannu ɗaya. Kafin a raba kuma mutum biyu sai sun ajiye kuɗin dole, ƙarami da babba, kuma da wannan babban kuɗin dolen ake auna komai a wasan. Abin lura shi ne ba da mai gida kake karawa ba, da sauran mutanen teburin ne, shi mai gidan la'adarsa kawai yake yanka daga kusan kowane tarin kuɗi, wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka. Ka ci ko a cinye ka, shi dai ya ɗauki nasa. Ku riƙe wannan, zamu dawo kai.

A gidan caca na zahiri inda mutum ne ke shafal yana rabawa, hannu 25 zuwa 30 ake bugawa a awa. A intanet tebur ɗaya na ba ka 60 zuwa 100, tunda kwamfuta ba ta gajiya ba ta ƙirga canji. Shafin farko da aka fara buga foka da kuɗin gaske shi ne Planet Poker a 1998, amma abin bai fashe ba sai 2003 lokacin da wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker, sunansa na gaskiya kenan fa, ya samu kujera ta wata 'yar ƙaramar gasa a PokerStars ya je babbar gasar foka ta duniya a Las Vegas ya doke mutum 838 ya kwashe dala miliyan 2.5. Daga nan kowa ya ga shi ma zai iya, sabbin shiga suka yi ta tururuwa, waɗanda 'yan harkar ke kira kifi, su kuma waɗanda suka ɗan iya suka ga banza ta faɗi. Sai lissafi ya zo: in ina cin dala 6 a awa a tebur ɗaya, me zai hana in buɗe goma in ci 60? PokerStars ya bar mutum ya buɗe har tebur 24 na kuɗi tsaba lokaci ɗaya. Wani Bafaranshe, Bertrand Grospellier da ake kira ElkY, wanda dama tsohon ƙwararren ɗan wasan gem ne mai saurin yatsu, ya buga ƙananan gasa 62 cikin awa ɗaya a 2009. Yara suka ga haka suka ce wannan ita ce sana'a.

Matsalar lissafin nan ita ce ya ɗauka kai ɗin da ke zaune a tebur ɗaya shi ne dai kai ɗin da ke tebur goma, alhali ba haka ba ne ko kusa. Bari in ƙirƙiri misali don a ga yadda abin yake tafiya, lambobin nawa ne na zaɓa amma tsarin haka yake. A ce babban kuɗin dole dala 1 ne, kowane tebur ka zauna da dala 100, ana buga hannu 75 a awa. A tebur ɗaya, hankalinka duk yana wajen, kana cin dala 8 a kowane hannu 100, wato dala 6 a awa. Ka buɗe 4, hankali ya ɗan rabu, cin ya sauko zuwa 5, amma hannu 300 kake bugawa, ka tashi da dala 15. Ka ga a nan an ci riba, babu musu. Sai kwaɗayi ya ce ƙara, ka buɗe 12, cin ya faɗo zuwa 1 a hannu 100, hannu 900, dala 9 kenan, ƙasa da abin da kake samu a tebur 4 ga kuma uban gajiya. Ka kai 16, yanzu kuma ka koma faɗuwar dala 1 a hannu 100, hannu 1,200, kana asarar dala 12 duk awa kana ganin kamar aiki kake. Yanzu duba ɓangaren mai gida. In la'adar da yake yanka daga wajenka ta kai dala 6 a hannu 100, a tebur ɗaya dala 4 da rabi yake samu a kanka a awa, a tebur 16 kuwa dala 72. Shi ne kaɗai a duk wannan lissafin wanda nasa ke ninkuwa daidai da yawan tebur ba tare da ya ragu ba, tunda shi ba ya buƙatar tunani, kai ne mai buƙata.

Kuma mene ne ma ke sa cin ya ragu? Ai ribar foka duk daga lura take fitowa. Wannan na hagunka duk sanda ya samu babban kati sai ya yi jinkiri kafin ya ƙara, wancan kuma yanzu aka cinye shi ransa a ɓace yake zai bi ka da kowane tarkace, na ukun burga kawai yake yi ba shi da komai. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne ke raba mai ci da wanda ake ci, kuma ana ganinsu ne a hannuwan da kai ba ka ciki, ka zubar da katinka kana kallon yadda sauran ke yi. Mai tebur 12 ba ya kallon komai, yana zubarwa ya wuce na gaba, duk daƙiƙa 4 sabon kati na jiransa a wani wajen. Dole ya koma bugawa da ka, irin na hadda: wannan katin a wannan kujerar a ƙara, wancan a zubar, shikenan. Akwai manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager da ke liƙa lambobi a gefen sunan kowane ɗan wasa, sau nawa yake shiga, sau nawa yake ƙarawa, don su maye gurbin idon da babu, sai dai lamba ba ta gaya maka cewa mutumin nan minti biyu da suka wuce ya haukace. Wasu shafukan ma sun hana amfani da su, partypoker ya hana a 2019. Sannan ga wani abu da masu hadda ba sa so a faɗa, wanda ke bugawa da ka shi ne ya fi kowa sauƙin karantawa. Mai tebur 2 da ya natsu zai gane ka cikin rabin awa, ya san duk sanda aka matsa maka ba ka da lokacin tunani zubarwa zaka yi, sai ya yi ta tsinke ka kaɗan-kaɗan kai ba ka ma san da shi ba. Hausawa dama sun ce taura biyu ba ta taunuwa, toh ina ga sha biyu.

Na taɓa ganin abin da idona lokacin muna makaranta, a ɗakin wani abokina da ba zan faɗi sunansa ba. Yana da laftof ya kuma jona wani tsohon sikirin a gefe, tebur 8 ya jera, huɗu nan huɗu can, kowanne bai fi tafin hannu ba, sai ƙara kake ji ƙit ƙit ƙit kamar ɗakin masu jinya, duk teburin da layi ya zo kansa sai ya yi walƙiya agogo ya fara ƙirga masa daƙiƙoƙi. Indomi ɗin da ya dafa tun bayan isha'i na nan a kwano ya sandare. Na yi masa magana sau biyu, amsar dai ɗaya ce, Malam ina zuwa. Can sai ya ce zai ƙara biyu, wuri ya ƙare a sikirin, sai ya koma ɗora su kan juna yadda duk wanda ke buƙatarsa zai faɗo sama da kansa. Bai yi minti goma a haka ba, ya kai hannu zai latsa zubarwa a wani tebur da aka ba shi tarkace, daidai lokacin wani teburin ya faɗo a kan wancan, yatsa ya riga ya sauka. Abin da ya zubar As biyu ne, katin da babu wanda ya fi shi a farkon hannu, wanda sai kusan sau ɗaya cikin hannu 221 ake ba mutum. Ya dafe kai ya ce innalillahi, amma ko sakan biyar bai samu na jimami ba, tebur uku na kiransa. Kuma inda abin ya fi muni shi ne kuskuren na iya zuwa ta ɗaya gefen, ka latsa bi a inda wani ya tura dala 100 kai kuma ba ka riƙe da komai.

Abin da ya biyo baya a daren shi ne ainihin abin da nake so a gane. Haushin As biyun nan bai tsaya a teburin da abin ya faru ba, ya bi shi duk goman. 'Yan foka na da suna ga wannan yanayin, suna ce masa tilt, mu dai sai mu ce zuciya ta ɗebe shi, mutum ya daina lissafi ya koma ramuwa. Mai tebur ɗaya in zuciya ta ɗebe shi dala 100 ce a gabansa, kuma kafin a sake raba masa kati mai kyau yana da minti biyu uku da zai huce. Mai tebur 10 dala 1,000 ce a buɗe gabansa a daidai wannan lokacin da ya fi kowane lokaci rashin hankali, kuma cikin minti biyar zai yanke hukunci sama da sittin da wannan zafin kan. Mutane na cewa wai yawan tebura na raba haɗari, kamar ɗan kasuwar da bai zuba jarinsa a kaya ɗaya ba. Ta fuskar kati haka ne, katin tebur na ɗaya ba ruwansa da na biyu. Amma mai riƙe da katin mutum ɗaya ne, in ya lalace duk sun lalace tare.

Babban misalin wannan shi ne Isildur1. A ƙarshen 2009 wani da ba a san ko waye ba ya bayyana a shafin Full Tilt yana karawa da manyan duniya, Tom Dwan da Phil Ivey da Patrik Antonius, wani lokacin ma dukkansu a lokaci ɗaya a tebura daban-daban, a mafi tsadar wasan da ake da shi. Cikin 'yan makonni ribarsa ta kusa dala miliyan 6. Shi da Antonius suka buga hannu ɗaya da aka tara sama da dala miliyan 1.3 a ciki, Antonius ya kwashe. Sai a watan Disamba ya zauna da wani matashi Brian Hastings a tebura da yawa, cikin zama ɗaya na 'yan awanni ya zubar da dala miliyan 4.2. Daga baya aka gano yaro ne ɗan Suwidin mai suna Viktor Blom, shekararsa 19 a lokacin. Babu mai cewa bai iya ba, har yau ana lissafa shi cikin masu baiwa. Amma a gidan caca na zahiri ko yana so ba zai iya zubar da wannan kuɗin da wannan saurin ba, mai rabon kati ɗaya ne, hannu 30 ne a awa, gari zai waye a tashi.

Akwai kuma wani lissafin da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi ya fi cin mutane a hankali. Foka wasa ne mai hawa da sauka sosai, a teburin mutum 6 abu ne da aka saba ka ga sakamakon hannu 100 ya karkace da wajen babban kuɗin dole 80 zuwa 100 sama ko ƙasa, alhali abin da gwani ke fatan ci a wannan hannu 100 ɗin bai wuce 5 ba. Wato hayaniyar ta ninka ainihin ƙwarewar kusan sau ashirin. Ɗauki wanda yawan tebura ya sauko da cinsa zuwa 2 a hannu 100, ya buga hannu 100,000, wanda mai tebur 12 zai gama cikin wata ɗaya. Abin da ake sa ran ya ci babban kuɗin dole 2,000 ne, amma karkacewar da ke kan wannan adadin ta kai wajen 2,800, in ka buga lissafin zaka ga kusan sau ɗaya cikin huɗu zai ƙare watan da asara duk da cewa shi mai ci ne na gaske. Juya shi kuma, wanda a gaskiya faɗuwa yake yi kaɗan-kaɗan zai iya yin wata guda yana ci ya ɗauka ya gano sirri. Toh ta yaya mutum zai san ko rashin sa'a ce ko wasansa ne ya lalace? Sai ya koma ya duba hannuwan da ya buga ɗaya bayan ɗaya, kuma wa ke da lokacin duba hannu 5,000 na jiya alhali na yau na jira. Shi ya sa zaka ga mutum ya shekara uku yana bugawa, miliyoyin hannu, amma wasansa na nan inda yake tun shekarar farko, su kuma sauran sun wuce shi.

Kamfanonin ma sun san wa ke kawo musu kuɗi, shi ya sa suka daɗe suna yi wa masu tebura da yawa romon baka da mayar musu da wani kaso na la'adar. A da PokerStars na da wani matsayi da ake kira Supernova Elite, sai ka tara maki miliyan 1 a shekara, makin kuma daga la'adar da ka biya yake fitowa, in ka kai zaka samu tukuicin da ya haura dala 100,000. Sai aka samu mutanen da a kan tebur ba uwa ba riba suke tashi, wasu ma faɗuwa suke, tukuicin ne kawai albashinsu, suna zaune awa goma a rana da tebur 24 suna bin maki kamar masu aikin kwangila, in Disamba ta zo ba ka cika ba duk wahalar shekarar ta kusa tashi a banza. A 2014 wani kamfanin Kanada mai suna Amaya ya sayi PokerStars a kan dala biliyan 4.9, ƙarshen 2015 aka sanar za a zaftare tukuicin, 'yan wasa suka yi yajin kwana uku a farkon Disamba, ko gezau kamfanin bai yi ba. Wanda ya gina rayuwarsa a kan wannan tsarin ya wayi gari da sana'ar latse-latse da babu mai saye.

Sannan kuɗin da kake ajiyewa. Mai tebur ɗaya zai iya barin dala 200 a shafin ya ishe shi, mai tebur 16 dole ya jibge dubbai a can saboda kujeru kaɗai sun cinye 1,600 ga kuma na cikawa in an cinye shi. Ranar 15 ga Afrilun 2011, wadda 'yan foka ke kira Baƙar Juma'a, hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker. PokerStars ya biya mutanensa ba a jima ba. Full Tilt kuwa sai aka gano ana binsa wajen dala miliyan 390 na 'yan wasa alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba, 'yan wasan Amurka sai a 2014 suka fara ganin kuɗinsu. Waɗannan fa 'yan ƙasa ne masu kotu da lauyoyi. Kai da ke zaune a Kaduna ko Maraɗi ka tura kuɗi ta kirifto zuwa shafin da aka yi wa rajista a wani tsibiri, in suka rufe maka asusu wa zaka kai wa ƙara?

Tunda na ambaci gida, akwai haɗarin da Bature mai rubutu a kan wannan batun ba ya ma kawowa a ransa, wato wuta da netwok. In layinka ya yanke a tsakiyar hannu, agogo zai ƙirga ya ƙare, kwamfuta ta zubar maka da kati, abin da ka riga ka zuba ya tafi. A tebur ɗaya hannu ɗaya ka rasa. A tebur 10 kana iya kasancewa cikin manyan hannuwa uku a daidai sakan ɗin da aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, in kuma gasa ce kake ciki haka za a yi ta yankar kuɗin dole daga gabanka kana can kana jan janareta. Ga dalar kanta, wadda kafin tsakiyar 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba amma a 2024 ta haura 1,500, wato kujerar dala 100 da Bature ke gani ƙaramin wasa, a wajenka a 2024 ta ninka mafi ƙarancin albashin naira 70,000 sau biyu, kuma guda goma ka buɗe.

Batun maguɗi ma yana nan, zan wuce shi da sauri. Tun 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu, a 2019 kuma Pluribus ta yi haka a teburin mutum 6, don haka maganar ko na'ura na iya doke mutum ta ƙare. Shafuka na kama asusun da na'ura ke bugawa suna rufewa, ana kuma samun mutum biyu uku da ke haɗa baki a tebur ɗaya suna gaya wa juna katinsu. Wanda ke kallon teburinsa ne zai lura wasu biyu kullum tare suke zama kuma ba sa taɓa cin juna, mai sha biyu ko sunayen waɗanda ke gefensa bai karanta ba.

Amma a ganina duk waɗannan ƙanana ne a kan abu ɗaya, shi ne yawan tebura na kashe tazara. Duk wata caca tana da ɗan lokacin da babu abin da ke faruwa, ana shafal, ana jiran a tashi wasa, ana tafiya gida, kuma a wannan ɗan tsakanin ne hankali ke dawowa mutum ya ce kai, nawa ma na kashe yau? Masu nazarin jarabar caca sun daɗe da lura cewa wasan da ya fi saurin juyawa ya fi kama mutum, shi ya sa injinan caca suka fi loto haɗari, kuma tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya mayar da jarabar caca babi ɗaya da shaye-shaye, cikin alamominta har da komawa don a ramo abin da aka rasa. Tebur 12 ya mayar da foka, wasan da asalinsa na haƙuri da jira ne, ya zama inji. Kamfanonin ma sun ƙara da nasu, Full Tilt ya fito da Rush a 2010, PokerStars ya biyo da Zoom a 2012, inda kana zubar da kati ake wurga ka sabon tebur da sabon kati nan take, hannu sama da 200 a awa a taga ɗaya, kuma ana barinka ka buɗe fiye da ɗaya. A gasa kuwa hutun minti 5 ne a ƙarshen kowace awa, a ciki zaka yi fitsari ka ci abinci ka miƙe baya, sallah kuma sai dai a yi ta cewa bari wannan ta ƙare. Ciwon wuyan hannu da na baya da jan ido ba sai na tsaya a kansu ba, jiki magayi.

Don kar a ce na yi son kai, akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Tebur ɗaya a intanet na da gundura, kusan kashi uku cikin huɗu na katin da ake ba ka na zubarwa ne, kuma gundura na sa mutum ya shiga hannun da bai kamata ba don kawai ya ga motsi, saboda haka ƙwararre na gaske da ya buɗe 2 zuwa 4 yakan fi natsuwa. Kuma ƙwarewa gaskiya ce a wasan, wasu masana daga Holan sun wallafa bincike a 2015 bayan sun duba bayanan hannu miliyan 456, suka ga waɗanda suka yi fice a wani lokaci sun fi yiwuwar sake yin fice a gaba. Sai dai a cikin wannan binciken dai, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na 'yan wasan suka tashi da riba bayan an cire la'ada. Wato in ka ɗauko mutum uku biyu faɗuwa suke, kuma mai faɗuwa in ya ninka tebura faɗuwar ya ninka, ba wani abu ba. Shi kansa PokerStars da ya raini al'adar, a watan Agustan 2019 ya rage iyakar daga tebur 24 zuwa 4 a wasan kuɗi tsaba, ba don tausayin masu 24 ɗin ba, sai don suna jinkirta wasa suna kuma cinye kifin da wuri har sabbin shiga sun fara gudu.

Abokin nan nawa, da asuba ta kusa ya rufe teburan ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya yi tsit har kunnena na ƙara. Na ce mutumina, yaya aka tashi? Ya buɗe manhajar lissafinsa, hannu dubu huɗu da wani abu, an cinye shi kuɗin kujera shida. Na ce toh a wane hannu ne ka fi yin asara? Ya yi shiru yana kallon sikirin ɗin, ya ce wallahi As biyun nan kawai yake iya tunawa, wanda kuma a shi ko dala biyu bai rasa ba. Sauran sai da ya jera su daga babba zuwa ƙarami yana buɗewa yana kallo kamar wasan wani yake gani, a na ukun ma har ya juyo ya tambaye ni wai me ya sa ya bi.